Tafkin da Bakinsa Ke Tafiya: Ruwa da Dandali a Tarihin Tawa

A watan Agusta, idan hadari ya haɗo daga gabas ya sauke kayansa a kan Tawa, kafin mace ta gama kwashe shanya tituna sun zama ƙoramu. Ruwan ja ne, launin ƙasar Adar, yankin Nijar da Tawa take cikinsa, yana tafe da yashi da leda da karan dawa, kuma ba ya tambayar kowa hanya. Gangare yake bi har ya isa kwarin da ya saba kwana a ciki. Mafi suna cikin waɗannan kwaruruka a birnin shi ne tafkin Babaye. Wanda ya tsaya a bakinsa a wannan wata, ya tafi ya dawo a Afrilu, sa'ad da zafi ke haura digiri 40, sai ya yi zaton an sauya masa wuri. Ruwa ya ja da baya, inda kwaɗi suka kwana suna kuka ya zama busasshiyar laka mai tsaga, awaki na yawo a kanta.

Masu zana birane an koya musu su ja layi ɗaya a takarda: nan ruwa, nan tudu, a tsakani a zuba kankare, a jera kujeru da fitilu. Haka bakin kogin Sen yake a Faris, haka ma ake son bakin Kwara ya zama a Yamai. A Adar kuwa babu tafkin da ke da baki ɗaya. Yana da na damina, yana da na kaka, yana da na bazara, kuma tsakanin na farko da na ƙarshe akwai fili mai faɗi da yake ruwa a wata huɗu, tudu a sauran. A wannan fili, da kuma gindin rijiyoyi, mutanen Tawa suka yi ɗaruruwan shekaru suna haɗuwa, tun ba a san wani abu wai shi lambun shaƙatawa ba.

Dalilin yana cikin lissafin sama da ƙasa. Ruwan saman da Tawa ke samu a shekara bai cika wuce milimita 400 ba, kusan dukkansa tsakanin Yuni da Satumba, sau da yawa ma a 'yan kwanaki masu ƙarfi. Abin da rana da iska za su iya shanyewa daga buɗaɗɗen ruwa a shekara guda kuwa ya haura mita 2. Ƙasar tudu ce mai duwatsu, abin da ya sa ake cewa Adar Dutsi. Samanta fako ne da ba ya shan ruwa, sai dai ya tunkuɗa shi zuwa kwaruruka irin na Keita, Badagishiri, Maggiya da Tadis. Ruwa a nan baƙo ne mai gaggawa, kuma duk inda ya yarda ya ɗan zauna, nan mutane suka kafa bukka.

Labarin kafuwar gari ya ce Tawa, wadda takardun hukuma ke rubutawa Tahoua, ta taso ne daga ƙauyuka biyu maƙwabta na Azna, Bilbis da Fakawa. Sunan Bilbis yana nan har yau a kan ɗaya daga cikin tsofaffin unguwanni. Azna manoma ne da mafarauta masu bin addinin gargajiya, kuma a wurinsu daji ba kango ba ne. Babbar tsamiya, kuka, dutse, rijiya, tafki, kowanne yana iya zama da mazauna da ido ba ya gani, kuma gidan da ya fara sauka a wuri shi ke riƙe da alkawarin da ke tsakani. Nicole Echard, Bafaranshiyar da ta shafe shekaru tana nazarin manoman Adar da borinsu, da Djibo Hamani, ɗan ƙasa wanda littafinsa kan Adar kafin zuwan Turawa ya fito a 1975, wanda kuma jami'ar Tawa ke ɗauke da sunansa yanzu, suna cikin waɗanda suka fi kowa bin diddigin wancan zamani. Mai karatu na yau yana iya kau da kai daga tsafe-tsafen, ba laifi. Amma itacen da ake tsoron sarewa shi ne ya tsufa ya ba da inuwa, kuma ruwan da ake jin nauyin ƙazantawa shi ne ya zauna da tsabta. Dokar farko da ta tsare inuwar jama'a a wannan ƙasa, a ƙirjin mutane take, babu magatakarda.

Sarauta ta zo, ta yi ta sauya hannu. A 1674 Agabba, ɗan Sarkin Agadas Muhammad al-Mubarak, ya ci Adar da yaƙi, ya raba ta da Kabi, kuma zuriyarsa ce ta riƙe sarautar Sarkin Adar, wadda daga baya ta zauna a Illela. A ƙarni na 19 ƙarfi ya rinjaya wajen Abzinawa, Kel Geres ta kudu maso gabas, Iwillimmidan na Kel Dinnik ta arewa, ga Sakkwato tana miƙo hannu daga kudu. Tawa ta faɗo daidai kan iyakar masu garma da masu sanda, inda gero ke ƙarewa kiwo ya fara, shi ya sa kasuwarta ta ranar Lahadi ta zama mahaɗar hatsi da gishiri, cuku da fata, raƙumi da jaki.

Ga makiyayi taswira ba komai ba ce illa jerin rijiyoyi, kuma duk wanda ya taɓa yini a bakin rijiyar arewa da rani ya ga dandali na gaske. Zurfinta kan kai yadda hannu ba zai iya ba, sai an ɗaura wa sa ko raƙumi igiya, yaro ya kora shi nesa, wasaki ya fito a cike, a juye a kwami. Garke ɗaya na sha, uku na jira a rana. Wurin yana da doka, kuma kowa ya san ta: wanda ya haƙa, ko zuriyarsa, shi ke fara shayarwa. Baƙo ba a hana shi kurɓa, shi da abin hawansa, don addini da al'ada sun haɗu a kan haka. Amma idan yana son ya kwana biyu da garkensa, sai ya nemi izini, a yi ciniki, a faɗa masa ranar tashi. Ta wannan hanya mai rijiya ke tsare ciyawar da ke kewaye, domin dabba ba ta kiwo nesa da inda za ta sha. A wannan jira ne ake jin labarin inda aka yi ruwa, ake cigiyar ɓataccen raƙumi, ake ƙulla aure, wani lokaci kuma a zare takobi. A cikin gari ma haka: bakin rijiya shi ne majalisar mata, kamar yadda gindin itace a ƙofar masallaci yake majalisar maza.

Akwai kuma wani ruwan da mutane suka yi da hannunsu ba da niyya ba. Kowane gidan ƙasa yana da raminsa. Katangar da ta tashi sama, daga wani wuri aka haƙo ta, kuma idan unguwa ta shekara ɗari tana ɗibar ƙasa a wuri guda, ramin ya zama kududdufi. Masallacin Yama, a cikin jihar Tawa, wanda magini Falke Barmu ya fara a 1962 kuma ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986, da irin wannan ƙasa aka yi shi, mutanen gari na kawo ruwa da laka kowa gwargwadon ƙarfinsa. Masu yabon ginin ƙasa sukan ɗaga kai su kalli hasumiya, su manta da ramin. Alhali ramin ne ke karɓar ruwan unguwa da damina kada ya shiga ɗaki, shi ke shayar da tumaki da kaka, a bakinsa ake buga tubali idan ruwa ya fara ja, a cikinsa yara ke koyon iyo ba da sanin iyayensu ba. Inda ƙasa ta riƙe danshi, sai a kafa garka, wato abin da mutanen Kano ke kira lambu: rijiya gajera, shinge na ƙaya, albasa, tumatir, yakuwa, ɗan itacen lemo ko mangwaro. Garka ita ce wurin kore na gari tun fil azal, sai dai mai ita ba don kallo ya shuka ba.

Turawa ma ƙishirwa ce ta kawo su Tawa. Yarjejeniyar da Faransa da Ingila suka sa wa hannu a Faris ranar 14 ga Yuni 1898 ta zana baka mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato, ta ce duk abin da ke ciki na Ingila ne. Wanda ya ja wannan layi a kan tebur bai taɓa jiran wasaki ba. Sakamakonsa, sojan Faransa da ke son tashi daga bakin Kwara zuwa Damagaram ba su da ikon bin hanyar kudu mai garuruwa da rijiyoyi. Dole su zagaya ta arewa, ta Filinge, cikin ƙasar da ruwa ke da nisa da juna. Tawa, mai tazarar kusan kilomita 200 arewa da Sakkwato, ta faɗo a wajen bakan, tana da rijiyoyi, tana da hatsi. Shi ke nan ta zama zango, sannan bariki, a farkon shekarun 1900. Kel Geres sun tare sojan Faransa da yaƙi a Galma a 1901, bindiga ta yi rinjaye. Faransa ta yi ta kuka da wannan iyaka har aka gyara ta a 1904 da 1906, babbar hanya ta koma kudu ta Doso da Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni. Amma Tawa ta riga ta samu kwamanda, kuma ba ta sake rasa matsayin babban gari ba.

Bariki ya zo da tunanin da ba a saba da shi ba. Tituna miƙaƙƙu masu faɗi, filin fareti a gaban ofis, itatuwa a jere kamar sojoji, da lambu a bayan shinge wanda amfaninsa shi ne a kalla, a sha iska da yamma. A barikokin Faransa na wancan lokaci, irin wannan lambu da tulun fursuna da na mai aikin tilas yake rayuwa, kuma aikin tilas bai kau a doka ba sai 1946. Furannin sun tafi da masu su. Abin da ya saura shi ne itace, musamman dogon yaro, wanda wasu ke kira bedi, ɗan asalin Indiya da bai damu da fari ba. Talakawa sun karɓe shi hannu bibbiyu, suka dasa a ƙofar gida, a lakwal, a tasha. Yau idan aka ce wurin shan iska a Tawa, mafi yawansa gindin dogon yaro ne da benci da mai shayi, ruwan da ke wurin kuma na cikin randa ne da wani ya ajiye sadaka.

Bayan mulkin kai gwamnati ta gwada ba da ruwa kyauta, ta kuma ga abin da kyauta ke haifarwa. Dokar watan Mayu 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, ta bar abin da ke bayanta ga makiyaya. A wannan yanki, wajajen Abalak da Cintabaraden, aka shiga haƙa rijiyoyin burtsatse masu zurfin ɗaruruwan mita, da injin mai jan ruwa. Ba igiya, ba sa, ba jira, ba neman izinin kowa. Edmond Bernus, wanda ya yi rayuwarsa yana nazarin Abzinawan wannan yanki, ya rubuta abin da ya biyo baya: garkuna suka kwararo daga ko'ina, ciyawa ta ƙare kewaye da kowane pompo, tsohon ikon mai rijiya ya zama labari, har wasu makiyaya suka nemi a rufe injin da aka kafa musu. Ruwan kowa ya zama ba shi da mai cewa ya isa. Duk mai shirin buɗe wa jama'a bakin ruwa a birni, ya kamata a karanta masa wannan babi kafin ya sayi siminti.

Sai fari ya zo, na 1973 da 1974, sannan na 1984. Dabbobi suka faɗi, mutanen daji suka shigo gari, Tawa ta kumbura ta haye filayen da dā ake barin wa ruwa. Farin ya kuma yi wani abu da ya ɗaure wa masana kai. Da itatuwa da ciyawa suka mutu a kan tuddai, ƙasa ta yi tsirara ta daskare, sai ɗan ruwan da ya sauka ya daina nitsewa, ya riƙa gangarowa gaba ɗaya. Ruwan sama ya ragu, tafkuna suka ƙaru. Tafkin Ɗan Dutsi, a yammacin jihar, ɗan ƙaramin ruwa ne na damina a tsakiyar gonaki kafin ruwan 1974 ya mai da shi babban tafki.

Wanda matafiya suka fi sani shi ne Tabalak, kimanin kilomita 50 daga Tawa a kan hanyar Agadas, kwaltar da aka shimfiɗa a ƙarshen shekarun 1970 don ɗauko yuraniyom daga Arlit. Bayan dogon tudu na dutse da ƙaya, sai ido ya faɗa kan ruwa shimfiɗe gefen hanya. Babu mai zanen da ya tsara wurin, amma yana da duk abin da littattafan tsara birni ke nema. Motoci na tsayawa, mata na soya kifi a bakin titi, masunta na gyaran koma, wasunsu daga nesa suka zo. Yayin da ruwa ke ja da baya, masu garka na bin sa taki-taki da albasa da dankali da rogo. Garkunan Fulani da na Buzaye na saukowa ta burtali. Da sanyi tsuntsaye na isowa daga Turai. A 2005 aka sa Tabalak da Ɗan Dutsi cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar. Rikici ba ya ƙarewa a wurin, tsakanin mai shinge da mai garke, tsakanin mai koma da mai jan ruwa da inji, kuma yashin da ƙoramu ke kawowa yana cike tafkin a hankali. Duk da haka rikicin masu amfani da wuri ne, waɗanda kowannensu zai yi asara idan ruwan ya mutu.

Babban aikin zana ruwa da aka taɓa yi a Adar kuwa ba a birni aka yi shi ba. A 1984, shekarar da gwamnatin Seyni Kunce ta kira taron Maraɗi kan yaƙi da hamada, aka buɗe aikin Keita da kuɗin Italiya, hukumar FAO na gudanarwa, hukumar abinci ta duniya na biyan leburori da abinci. Maza sun tafi bida, Abijan, Legas, Libiya, wasunsu ma ga-ruwa suke yi a biranen wasu. Saboda haka mata ne suka fi yawa a fagen da ake kira aikin gandari, suna ɗaukar dutse a ka, suna jera shi a gicciyen gangare, suna haƙa ramuka a fako. Dabarar ita ce a tare ruwa tun daga saman tudu, a rage masa gudu mataki-mataki, kafin ya zama ƙoramar da ke cin gona. Cikin shekaru ashirin an farfaɗo da kimanin hekta 35,000, an dasa itatuwa kusan miliyan 18, an gina madatsun ruwa gommai, waɗanda bayansu ya zama ƙananan tafkuna da garake. Benedetta Rossi, a littafinta na 2015 kan Adar, ta yi tambaya mai nauyi game da wanda ya yi wahalar da wanda ya ci ribar, ganin cewa da yawa daga matan zuriyar bayi ne da talakawa, kuma ladarsu kwanon abinci ce. Tambayar tana nan daram. Amma ilimin ya zauna a hannun mutane: a Adar akwai dubban mata da suka san yadda ake sa ruwa ya tsaya. A kwarin Maggiya ma, tun 1975, layukan dogon yaro da aka dasa don karya iska sun mai da gonaki kamar ɗakuna masu bango kore.

A cikin birni, dandalin da hukuma ta fi iya ginawa busasshe ne. A Tawa aka yi gasar kokowa ta ƙasa ta farko a 1975, Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobi, kuma filin kokowa, mai sunan Hamidin Mai Dare a yau, ya zama wurin da gari ke taruwa ya ga kansa. Yashi, ganga, kirari, ba a buƙatar ɗigon ruwa. Bikin 18 ga Disamba, ranar jamhuriya, ya sauka a Tawa a 2007 zamanin Mamadu Tanja, ya sake dawowa a 2017 zamanin Mahamadu Isufu, ɗan jihar, da shirin Tawa Sakola, ɗan'uwan Doso Soga, Maraɗi Kwalliya da Agadas Sokni. Sunayen kansu sun faɗi manufar: ado. An shimfiɗa kwalta, an kafa fitilu, an gyara shataletale da dandalin fareti, kuma duk wanda ya san garin kafin nan zai yarda fuska ta sauya.

Sai dai ado da ruwa yana da tsada a ƙasar da rana ke shan mita 2. Daga Yamai har Kano babu wanda bai taɓa ganin shataletale mai feshin ruwa ba, wanda ya yi tsiri ranar da aka yanke kyalle, bayan wata shida ya zama kwano busasshe cike da ƙura. Feshi yana son inji, inji yana son wuta, wuta tana son kuɗi duk wata, ga mai gadi, ga mai gyara, kuma kasafin magajin gari ba ya kai nan. Rijiya ta bayar, guga ya hana. A birnin da unguwanni ke jiran pompo ya kawo da tsakar dare, ruwan sha da ake watsawa sama don kallo ma abin kunya ne.

Ruwan da Tawa ke da shi kyauta, wanda ba ya son inji, shi ne na Babaye da 'yan'uwansa ƙanana, kuma shi ne aka fi juya wa baya. Laifin ba na mutane kaɗai ba ne. Tafkin cikin gari yana da sharri na gaske: sauro da zazzaɓin da ke kwantar da yara a Satumba, tsargiya ga masu wanka, yaron da kan nutse. Da birni ya girma, gari mai mutum sama da 100,000 a ƙidayar 2012, magudanai suka riƙa kai masa ƙazanta, leda ta maye gurbin ganye, siminti ya rage darajar tubalin ƙasa, tsohon tsoro ya kau ba a samu doka mai ƙarfi ta gaje shi ba. Daga nan tunani ɗaya ke zuwa wa kowa: a cike, a yanka filaye. Kano ta bi wannan hanya, ta cike kududdufanta da yawa ta gina shaguna da gidaje, kuma duk damina ruwa na zuwa neman tsohon masaukinsa a ɗakunan mutane. Damina irin ta 2024, wadda ta kashe ɗaruruwan mutane a Nijar, jihar Tawa na ciki, ta nuna cewa shekarun ruwa mai ƙarfi sun dawo, alhali ramukan da za su karɓe shi suna raguwa.

Abin dariya, abin da ake neman binnewa a nan shi wasu ke kashe kuɗi su ƙera. A Rotadam ta ƙasar Holan, a 2013, an buɗe dandalin Benthemplein: filin wasa ne mai matakala, ƙasa da titi, inda matasa ke buga ƙwallo yawancin kwanakin shekara. Idan aka yi ruwa mai ƙarfi, magudanai su juyo masa ruwan rufin gidaje da na tituna, ya cika da lita kusan miliyan 1.7, ya riƙe har hadari ya wuce, sannan a sake shi a hankali. Masu zane daga ƙasashe da yawa na zuwa kallo. Ba'adare zai dube shi ya ce kududdufi ne aka yi wa matakala. Darasin da ke ciki ga Babaye a bayyane yake: a shata iyakar bakin damina a hana gini a cikinta, a tare yashi da shara tun daga sama kamar yadda matan Keita suka yi wa tuddai, a dasa inuwa a bakin da ruwa ba ya kaiwa, a bar filin tsakiya ya yi aikinsa biyu, ruwa da damina, garka da filin ƙwallo da rani. Sannan a san mai shi, domin tarihin pompon arewa ya riga ya nuna ƙarshen ruwan da ba shi da mai tsawatawa.

Ba sai an je Holan ba ma. A Dandaji, cikin gundumar Illela, Mariam Isufu Kamara, 'yar Nijar mai zanen gine-gine, tare da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili 'yar Iran, sun kammala cibiyar Hikma a 2018. Tsohon masallacin ƙasa na garin, wanda ya fara lalacewa, aka gyara shi ya zama ɗakin karatu, aka gina sabo a gefensa da tubalin ƙasa matsattse, aka bar farfajiya a tsakani inda mai zuwa salla da mai zuwa karatu ke gamuwa. A kasuwar garin kuma, da yake itace na wuyar girma a wurin, Mariam ta kafa rumfunan ƙarfe masu launi a tsayi daban-daban kewaye da tsohon itacen da ake cin kasuwa a gindinsa. Babu feshi ko ɗaya a farfajiyar Hikma, babu kwanon ruwa da rana za ta shanye. An haƙa ma'aji ne a ƙarƙashin ƙasa, ruwan damina na gangarawa ciki, siraran bututu na kai shi gindin shuke-shuke. A watan Afrilu, lokacin da laka ke tsagewa a bakin Babaye, itatuwan wannan farfajiya ruwan Agustan bara suke sha, ɗigo-ɗigo.